Kwalbar da Ake Miƙo wa Iyali Bayan Tiyata

A ƙasarmu ta Sabuwa, idan dattijo ya fara yawan tashi kewayawa cikin dare, ba mai tanka masa. Tsufa ne, in ji mutane. A hankali sai ya bar sahun gaba a masallaci, don ya daina amincewa da tsarkin wandonsa. Sai ya rage cin kasuwannin nesa. Ba zai faɗa wa ɗansa ba, balle 'yarsa. Ana nan ana nan, sai ranar da fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta cika ta yi tauri, mutumin da iyalinsa ba su taɓa jin kukansa ba ya kama nishi yana salati. Ran nan ake neman mota ko da tsakar dare ne, a bi ta Ɗandume a faɗa Funtuwa, in abin ya fi ƙarfin nan a miƙe Zariya. A sa masa robar fitsari ya sami sa'ida, daga baya likita ya ce sai an yi aiki.

Haka aka yi da wani kawunmu, manomin masara da ya ba wa saba'in baya. An yi aikin lafiya. Muna tsaye a baranda sai ma'aikacin jinya ya miƙo mana wata 'yar kwalbar roba mai murfi, da nama a ciki yana iyo cikin wani ruwa mai hawa kai, ya ce a kai gwaji. Nan fa shawara ta rabu. Wani ya ce naman ɗan Adam ne, a nemi wuri a binne shi kamar yadda aka saba. Wani ya ce kuɗin masarar da aka sayar sun ƙare, ga mai jiki kuma yana samun sauƙi, gwajin me za a yi? Babbar 'yarsa ce ta kafe, ta kwance bakin zaninta ta biya. Bayan mako biyar takarda ta fito: a cikin naman da aka ce kumburin tsufa ne kawai, an ga ɗan gurbin ciwon daji.

Da aka karanta wa Kawu sai ya yi shiru. Can ya ce, "To, ba kun ce an cire abin ba? Kuma da can ba cewa suka yi ba daji ba ne?"

Tambayoyi biyu ne masu nauyi. Likitocin duniya sun kwashe fiye da shekara 100 kafin su iya amsa su, kuma duk amsar daga irin wannan kwalba ta fito.

Gora da ɓawonsa

Mu fara da suna, don daga nan ruɗanin ke farawa. A rediyo mukan ji ana cewa "kansar mafitsara" ko "kumburin mafitsara". Alhali mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, kuma tana da nata ciwon dajin daban. Abin da ake nufi wani ƙulli ne da ke zaune a ƙarƙashinta, maza kaɗai ke da shi, likitoci na kiransa furostet. A jikin saurayi bai wuce girman goro ɗaya ba, nauyinsa kamar giram 20, aikinsa kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, kamar yadda zare ke ratsa ƙwayar carbi.

Idan shekaru suka ja, tsakiyar ƙullin kan ƙara girma ta matse hanyar. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, bayan shekara 80 kuwa takwas ko tara cikin goma, ko da yake ba kowa yake wahalarwa ba. Kumburin ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya koma ciwon daji. Maƙwabta ne da gida ɗaya da tsufa suka haɗa, shi ya sa ake yawan tarar da su tare.

Aikin da ake yi wa mai kumburi kuwa, duk wanda ya taɓa ganin ana fafe gora ya san shi. Cikin ake ƙwaƙulewa, a bar ɓawon. Wani likitan binciken nama a Amurka, John McNeal, ya fara nunawa daga 1968 cewa ƙullin sashe-sashe ne. Kumburin tsufa daga sashen tsakiya yake tsirowa. Ciwon daji kuwa, kusan bakwai cikin goma daga sashen baya yake farawa, wato wurin da ke zama ɓawo, kamar biyu cikin goma ne ke farawa a tsakiya. Ga amsar tambayar Kawu ta farko: an cire abin da ya toshe hanya, amma ƙullin yana nan.

Daga bututun azurfa zuwa yatsan Freyer

Ɗaurewar fitsari tsohuwar masifa ce. Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana bututun azurfa da ake zurawa a fitar da fitsari a littafinsa At-Tasrif. A 1536 wani likitan Italiya, Niccolo Massa, ya rubuta bayanin ƙullin kansa. Duk da haka, har wajen ƙarshen ƙarni na 19 babu abin da ake iya yi wa tsoho sai bututu. A Turai dattawa kan yi yawo da nasu a cikin hula ko cikin sandar hannu, su zura da kansu in sun matsu. Ƙwayoyin cuta kan bi bututun su haura zuwa ƙoda, da yawansu ta nan ajali ya zo.

A 1887 Arthur McGill na birnin Leeds a Ingila ya ba da rahoton cire kumburin ta saman mara. Eugene Fuller na New York ya kyautata hanyar a 1895. Amma wanda sunansa ya bi aikin shi ne Peter Freyer, ɗan Ailan da ya yi shekaru yana likitan soja a Indiya. A 1900 ya fara yin aikin a asibitin St Peter's da ke Landan: a tsaga mara, a buɗe mafitsara, a sa yatsa a ɓamɓaro kumburin. Zuwa 1920 ya yi wa mutum fiye da 1,600, waɗanda suka rasu kuma kamar biyar ne cikin kowane 100, abin da a zamanin ya zama abin mamaki.

Abin lura shi ne, Freyer kansa ya yi irin zaton Kawu. Ya yi ta iƙirarin cewa ƙullin gaba ɗaya yake cirewa, har ya sa haka a taken maƙalarsa ta 1901. Abokan aikinsa ne suka duba suka ce a'a, ɓawo yana nan. Cire ƙullin ɗungurungum aiki ne daban, mafi girma, wanda Hugh Hampton Young ya fara yi wa mai ciwon daji a asibitin Johns Hopkins na Baltimore a 1904.

Daga baya hanyoyi sun yawaita. Maximilian Stern a 1926 da Joseph McCarthy a farkon shekarun 1930 sun samar da na'urar da ake zurawa ta hanyar fitsari, a riƙa sassaƙo kumburin da zaren lantarki, ɓarɓashi-ɓarɓashi, ba tare da an tsaga ciki ba. Terence Millin ya kawo tasa hanyar a 1945, wadda ba ta buƙatar buɗe mafitsara. A ƙarshen shekarun 1990 Peter Gilling na New Zealand ya yaɗa yin aikin da hasken leza. A manyan asibitocin garuruwanmu, hanyar Freyer ce har yau aka fi yi, don sauran suna buƙatar kayan aiki masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa. Ko ta wace hanya aka bi dai, ƙarshenta nama ne a cikin kwalba, ɓawo kuma a jikin mai shi.

Abin da madubi ya tona

A 1853 wani likitan tiyata a Landan, John Adams, ya ba da rahoton ciwon dajin wannan ƙulli a jikin wani mutum mai shekara 59, bayan an duba naman da madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya ce cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba. A yau tana cikin ciwon dajin da ya fi kama maza a duniya: a 2020 kaɗai an ƙiyasta sababbin kamuwa kusan miliyan 1.4. Adams bai yi ƙarya ba. A zamaninsa mutane ba su cika kai wa tsufa ba, kuma kusan ba wanda yake dubawa.

Dubawar ma sai da aka koye ta. A 1858 Rudolf Virchow na Jamus ya kafa ra'ayin cewa cuta daga ƙwayoyin halittar jiki take farawa, don haka a can ya kamata a neme ta. A 1893 Ferdinand Blum na Frankfurt ya lura cewa ruwan fomalin yana taurara nama ya hana shi ruɓewa. Shi ne ruwan nan mai hawa kai da muka shaƙa a baranda. Daga nan aikin ya zama yadda yake har yau: a daskarar da naman cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, a ɗora kan gilashi, likita ya zauna ya karanta.

Da aka fara karantawa sai abin mamaki ya bayyana. A 1900, shekarar da Freyer ya fara aikinsa, Joaquin Albarran da Noel Halle a birnin Paris suka duba ƙulli 100 da aka ɗauka kumburin tsufa ne kawai, suka ce sun ga alamar ciwon daji a 14. Wasu likitocin suka ce an yi zuzutawa. A 1935 Arnold Rich na Johns Hopkins ya duba gawarwakin maza 292 da suka haura shekara 50, ya sami ciwon a kashi 14 cikin 100, mafi yawansu kuwa ba a taɓa zaton suna da shi ba sa'ad da suke raye. A 1954 L. M. Franks a Landan ya yanka ƙullin filla-filla daga farko har ƙarshe, ya same shi a kusan ɗaya cikin kowane uku.

Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu. Likitan da ya ce wa Kawu kumburi ne bai yaudare shi ba. Yatsan likita da hoton ciki ba sa ganin gurbin da bai kai ƙwayar gero ba. Madubi kaɗai ke ganinsa, shi ma sai in an kai masa naman.

Mai barci da mai sara

Sai dai binciken ya haifi wata tambayar. Idan ɗaya cikin uku na dattawa na ɗauke da ciwon, amma kaɗan ne daga cikinsu yake kashewa, ashe ke nan akwai mai barci, akwai mai sara. Yaya za a bambance su?

Donald Gleason, likitan binciken nama a asibitin tsofaffin sojoji na Minneapolis, ya kawo ma'auni a 1966. Ya duba yadda ƙwayoyin suke jeruwa: masu tsari irin na lafiyayyen nama ya ba su ƙaramar lamba, waɗanda suka watse ya ba su babba, sannan a haɗa lambobi biyu na sifofin da suka fi yawa. A takardun yau jimillar kan kama daga 6 zuwa 10. Shida shi ne mafi sanyi, 8 zuwa 10 kuma masu gaggawa ne.

Ma'auni na biyu shi ne yawa. Willet Whitmore na New York ya ware wa ciwon da aka tsinta ba zato mataki nasa a 1956, Hugh Jewett ya raba matakin gida biyu a 1975. Wani bincike na Johns Hopkins a 1981 ya nuna inda iyakar take: idan ciwon bai wuce kashi 5 cikin 100 na naman da aka cire ba, kuma mai sanyi ne, da wuya ya yaɗu cikin 'yan shekaru, in ya wuce haka, haɗarin ya ƙaru sosai. Su ne T1a da T1b da mai karatu zai iya gani a takardar asibiti.

Ma'auni na uku a jini yake. Richard Ablin ya ba da rahoton wani sinadari na wannan ƙulli a 1970, masu bincike a Buffalo ƙarƙashin T. Ming Chu suka tace shi a 1979, shi ne PSA. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa don bibiyar masu ciwon a 1986, don neman ciwon kuma a 1994. Kafin zuwansa, ɗaya zuwa biyu cikin kowane mutum goma da aka yi wa aikin kumburi akan tarar da ciwon daji a namansu. A ƙasashen da gwajin ya yaɗu adadin ya ragu ƙwarai, don ana gano da yawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Amma bai koma sifili ba. PSA ba alƙali ba ne: kumburi kaɗai na iya ɗaga shi, haka ciwon sanyin mafitsara da robar fitsari, maganin kumburi da ake kira finasteride kuma yakan rage shi da kusan rabi.

Magani ma yana da nasa tarihin. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges a Chicago suka nuna cewa ciwon da sinadarin mazakuta yake rayuwa, in an katse masa shi sai ya lafa, ko da ya kai ga ƙashi. Wannan ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966, kuma allurar da ake yi wa masu ciwon a yau jikar wannan bincike ce. Ga mai sanyin kuwa, Laurence Klotz na Toronto ya fara tsarin sa ido a 1995: ba tiyata, ba gashi, sai gwaji a kai a kai, in ciwon ya motsa a tare shi. Wani babban bincike a Birtaniya da ya bi mutum 1,643 ya nuna a 2023 cewa bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko tiyata aka yi musu, ko gashi, ko sa ido. Amma a lura: waɗannan mutane ne da aka gano nasu da wuri, kusan dukkansu Turawa, kuma ba su daina zuwa asibiti ba. Sa ido daban, mantawa daban.

Manya uku, darasi uku

A Nuwamba 1985, Nelson Mandela yana fursuna, aka yi masa aikin kumburi a asibitin Volks na Cape Town. A gadon jinyar nan ne ministan shari'a Kobie Coetsee ya ziyarce shi, ziyarar da ta buɗe ƙofar tattaunawa da gwamnatin wariyar launin fata. Ba a sami ciwon daji ba a lokacin. Bayan shekara 16, a 2001, gwaji ya gano shi a abin da ya saura na ƙullin. Aka yi masa gashi na mako bakwai, ya rayu har 2013, ya rasu yana da shekara 95 da ciwon huhu. Wanda takardarsa ta fito fes bai gama da asibiti ba.

A Satumba 1992 aka yi wa shugaban Faransa François Mitterrand aiki a asibitin Cochin na Paris, aka sanar wa jama'a cewa an ga ciwon daji a naman. Bayan rasuwarsa a Janairu 1996 likitansa Claude Gubler ya bayyana cewa tun 1981 aka san da ciwon, har ya riga ya kai ga ƙashi, aka ɓoye. Ɓoyewar ta jawo ce-ce-ku-ce, amma akwai abin da ya fi ta amfani gare mu: mutum ne da ya yi shekara 14 da ciwon da ya yaɗu, yana mulkin ƙasa, bisa maganin da ya samo asali daga Huggins.

A Janairu 2024 Sarki Charles na Ingila ya shiga asibiti don aikin kumburi, ya kuma yarda a faɗa wa duniya. A 5 ga Fabrairu fadarsa ta sanar cewa a lokacin jinyar an gano ciwon daji, amma ba na wannan ƙulli ba. Ya je neman maganin abu ɗaya, bincike ya tono wani.

"Baƙar fata ba ya yi"

An daɗe ana koyarwa cewa wannan ciwo na Turawa ne da baƙaƙen Amurka, ɗan Afirka ba ya yi. Dalili kuwa shi ne ba a ganinsa a littattafan asibiti. To ina zai fito, alhali ba a kai nama gwaji, ba a yi wa mamaci bincike, tsohon da ciwon baya ya kwantar kuma a gida yake cikawa a ce sanyi ne ko sammu?

Rajistar ciwon daji ta farko a Nijeriya a Ibadan aka kafa ta a 1960, ƙarƙashin Farfesa G. M. Edington. A 1977 wani bincike na hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya duba gawarwaki a wurare bakwai, ciki har da Yuganda da Jamaika da Suwidin da Singafo, ya ga cewa ƙananan gurabun nan masu barci kusan daidai suke ko'ina, bambancin yana ga manyan. A 1997 Farfesa D. N. Osegbe na Legas ya buga maƙalar da ta rushe tsohon zaton, ya nuna ciwon ya yawaita a Nijeriya, kuma mafi yawan masu shi sai ya yi nisa suke zuwa. A 1999 Ogunbiyi da Shittu suka ba da rahoto daga Ibadan cewa shi ne ya zama na ɗaya cikin ciwon dajin maza a rajistar. A nan Arewa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Dawam da Rafindadi da Kalayi, sun buga nasu nazarin na Zariya a 2000, na Kano kuma ya biyo baya a 2003 daga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk tarin abin da aka gani ne a naman da ya isa ɗakin gwaji.

Ƙiyasin 2020 ya ba Nijeriya sababbin kamuwa fiye da 15,000 a shekara, da mace-mace fiye da 8,000. A Birtaniya, inda lissafi ya fi kammala, ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza kan kamu a tsawon rayuwa, Turawa kuma ɗaya cikin takwas. Wato abin da aka ce ba ma yi, mu ne ma a gaba. Kuma tunda gwajin PSA kafin aiki bai zama ruwan dare a ƙauyukanmu ba, muna nan kusa da inda Turai take kafin 1986. A wurinmu kwalbar nan sau da yawa ita ce dama ta farko da ciwon zai bayyana da wuri, wani lokaci ma ita ce ta ƙarshe.

Tsakanin Sabuwa da Shika

Likitocin da ke karanta nama a manyan asibitocin koyarwa suka fi taruwa: na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma Shika a 2005, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da na Kano, da na Sakkwato, da na tarayya da ke Katsina, wanda ya zama asibitin koyarwa a 2022 aka kuma buɗe masa cibiyar ciwon daji a 2025. Tsakanin gadon da aka yi aikin da teburin da madubi yake akwai kuɗin mota, da kuɗin gwaji, da jiran makonni. Ga mutumin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara akwai kuma hanyar kanta. A 2021, saboda 'yan bindiga, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, da namu a ciki, tsawon watanni. Duk wanda takardarsa ta fito a lokacin, da wace waya za a kira shi?

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun koyi abu guda: saƙon da ba a tabbatar ya isa ba, ɗaya yake da wanda ba a aika ba. Littafi ɗaya a kowane ɗakin tiyata, mai lambar kwalba da lambar waya biyu da ranar da aka sanar da iyali, zai ceci mutane da yawa. Kafin a samu haka, nauyin yana kan dangi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ranar aiki ya kamata a tambayi likita ko an yi gwajin PSA, da inda za a kai naman, da nawa ne, a sa kuɗin cikin lissafin tiyata tun ana sayar da hatsi. In an miƙo kwalba, a tabbatar fomalin ne a ciki ba ruwa ba, ya kuma shanye naman sosai, da suna da lambar kati a jiki. Girmama naman ɗan Adam da ya sa muke binne shi tarbiyya ce mai kyau, kai shi inda za a duba lafiyar mai shi kuma bai saɓa mata ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. In takarda ta fito, a kai wa likitan mafitsara a tambaye shi: akwai ciwon ko babu, lambar Gleason nawa ce, kashi nawa na naman ya ci, yaushe za a dawo? In babu, a tuna da Mandela. In akwai, 'yan'uwan mai shi maza da 'ya'yansa su fara tuntuɓar likita kan gwaji tun daga shekara 45, don ciwon yana bin jini. Dattijon da aka taɓa yi wa aiki kuma, in ciwon baya ko na ƙugu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada a tsaya ga maganin sanyi.

Takardar Kawu ta nuna lamba 6, ƙasa da kashi 5 cikin 100. Likita ya ce ba sai an sake taɓa shi ba, a riƙa gwada jini duk wata shida, in ya ɗaga a sake bincike. Ya koma sahun gaba. Takardar tana cikin leda a akwatinsa, tare da takardun gona. Ƙannensa biyu ya tasa su gaba da kansa har suka je aka gwada su.

Babbar 'yar tasa 'yar fari ce, ba ya kama sunanta, ba ya ma zama su yi doguwar hira. Ranar da muka kai shi gwaji na uku, muna hanyar dawowa wajen Ɗandume, sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ku gaya wa waccan yarinyar, kuɗinta na kwalba suna wuyana, in an yi girbi. Allah ya yi mata albarka."